Na Shuka Gero a Filin Tanis ɗin Malaminmu

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina ajin ƙarshe a wata kwalejin horon malamai da ke cikin karkara a arewacin Kano. Ɗan manoma ne ni daga yankin Makoda, ga ƙarfi, ga kaifin baki, ga kuma ganin cewa in dai maganar ƙasa da shuka ce babu mai koya mini. Ni ne kuma kyaftin na 'yan wasan tanis na makarantar, abin da in na faɗa yau sai mutane su dubi tumbina su yi dariya.

Wanda ya koya mana wasan wani malami ne siriri mai furfura a gemu, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya haura shekara ashirin yana wannan aiki. Ranar da ya fara miƙa mini raket, wato abin buga ƙwallon, na damƙe shi kamar ƙotar fartanya, ya yi murmushi ya ce ƙarfin ya isa, saura in koyi tausaya wa ƙwallo. Filin wasan shi ya yi shi da hannunsa. Ba siminti ba ne, daɓe ne irin na ɗakunan iyayenmu, jar ƙasa da makuba. Duk shekara yakan gayyato tsofaffin matan ƙauyen da ke bayan makaranta, su zo suna bugun ƙasa suna waƙa, shi yana yayyafa ruwan makuba, mu muna jan layi da farar ƙasa. Ya kewaye filin da waya, ya sa ƙofa da kwaɗo, makullin kuwa ni ya ba wa.

Burin Malam guda ɗaya ne a duniya, a kawo gasar da ake yi tsakanin kwalejoji a buga ta a wannan fili. Shekara da shekaru ana kai ta birni, ana cewa wa zai yi tanis a kan daɓe. A shekararmu ta ƙarshe, wadda ita ce ta ƙarshensa kafin ya yi ritaya, sai ga takarda cewa an amince, za a zo bayan damina. Sau biyu ya karanta mana ita.

To amma shekarun na wahala ne. Damina biyu a jere ba ta yi kyau ba, hatsi ya yi wuya ko a gidajen manoma. Kokon safe ya koma ruwa zalla, malmalar tuwo kuwa ba ta fi ƙwallon da muke bugawa ba. Muna cikin motsa jiki sai ka ga jiri ya ɗebi mutum ya zauna. Malam yakan zo da ƙuli-ƙuli a aljihu ya rarraba mana yana zolayarmu, amma ƙuli-ƙuli ba ya riƙe cikin saurayi. Da damina ta matso sai shugaban makaranta ya ce duk inda babu gini ɗalibai suna iya nomawa. Kafin mu 'yan wasa mu farga an rabe wurare masu kyau, abin da ya rage sai inda awakin ƙauye ke kiwo.

Ruwan shuka ya sauka Malam ba ya nan, ya tafi Kano na kwana uku neman sabuwar raga da zaren raket. Da safe na tsaya a bakin waya ina juya makulli a hannuna. A duk makarantar nan ne kaɗai wurin da akuya ba ta shiga. Na tara 'yan'uwana 'yan wasa na ce musu tanis ba ya shiga ciki, gero kuwa wata uku ne, mu girbe mu sake daɓe kafin baƙi su zo. Wani abokina ya ce mu jira Malam ya dawo, na ce laimar ƙasa ba za ta kai kwana uku ba, na kuma kira shi matsoraci. Ni na fara ɗaga diga. Har yau ina jin ƙarar saran farko a kunnena, domin ƙasar ba ta so ta fashe ba, sai da na maimaita.

Malam ya sauko daga mota da sabuwar raga a kafaɗa, kai tsaye ya nufo filin don ya gwada ta. Ya tsaya ya dafa wayar da ta kewaye filin. Da ya tambayi wanda ya buɗe ƙofa na ce ni ne, na kuma shirya maganganuna tsaf, ina jira ya yi faɗa in amayar masa da su. Bai yi ba. Ya tambaye ni wane irin gero muka shuka, ko mun sa taki. Sannan a hankali ya ce da mun tambaye shi da ya ba mu 'yar gonarsa ta bayan gidajen malamai, domin a ƙarƙashin wannan jar ƙasa marmara ce da fasassun duwatsu kusan kamu guda, shi ya shimfiɗa su don ruwa ya riƙa tsanewa, babu geron da zai kafa saiwa a kai. A raina na ce malamin wasa ne zai koya mini noma.

Washegari ya ba mu gonar tasa duk da haka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da lokacin noma ya yi sai ga shi da fartanya a cikin filin tanis, yana taya mu cire ciyawa daga shukar da ya san ba za ta yi ba. Geron ya kawo gwiwa, ya yi ɗorawa, ya bushe a tsaye. Ko zangarniya ɗaya ba mu cire ba. Gonar Malam ce ta ba mu ɗan abin da muka ci.

Bayan damina tsofaffin nan suka zo, muka yi iya ƙoƙarinmu, amma ƙasar ta riga ta gauraye da taki da saiwoyi, daɓen ya yi ta tsagewa. Wani jami'i ya zo daga birni duba filin, ya buga ƙwallo a ƙasa ta yi gefe, ya buga ta biyu ta ƙi tashi. Aka mayar da gasar birni. Malam ya raka mu, ya tafa mana, ya dawo ya yi ritaya. Ba a turo wani a madadinsa ba, wasan ya mutu a makarantar. Ranar bankwana na ɓuya a bayan taro, kunya da girman kai suka hana ni cewa ya yafe mini. Makullin kuma yana aljihuna, na tafi da shi.

Sai da furfura ta fito mini na nemi ƙauyen su Malam a yankin Minjibir. Na same shi a gindin bishiya, idanunsa sun yi rauni, amma ina yin sallama ya tambaya ko kyaftin ne. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce tun a bakin waya ya yafe. Ya ce shi ne ma zai nemi gafarata, don yana ganin muna gudu da yunwa amma hankalinsa yana kan takardar gasa, har sai da digata ta tuna masa. Na ciro makullin, ya yi tsatsa, na sa masa a hannu. Ya shafa shi ya gane shi, sannan ya mayar mini ya naɗe yatsuna a kai, ya ce shi bai tuna ranar da ya sauke ni daga kyaftin ba. Kafin damina ta zagayo Allah ya yi masa rasuwa.

Yunwar da muka ji gaskiya ce, ba na musun wannan. Amma ba yunwa ce ta fasa filin ba, ni ne, da ganin na fi kowa sani. Na koyi cewa abin da wani ya shekara ashirin yana ginawa, akwai abin da ya binne a ƙarƙashinsa wanda ba ka gani. Matasa, in an ba ku amanar makulli, ku jira mai shi ya dawo ku tambaya, kwana uku ba za ta kashe ku ba. In kuma kun riga kun yi ɓarnar, kada ku jira furfura kafin ku ce a yafe muku. Ni na yi sa'a na same shi da rai. Makullin yana rataye a ɗakina, duk wanda ya karanta wannan ina roƙon ya sa Malam a addu'a.