Matar da Ta Bi Tsakanin Ginshiƙai

Ruwan ambaliya ya janye daga dandalin San Marko na birnin Venis, ya bar daɓen yana naso. Ina zaune a gindin hasumiya, ba abin da nake jira.

Wasu ginshiƙai biyu suna tsaye a bakin ruwa, ɗaya da zaki mai fiffike a kansa. A tsakaninsu ake kashe masu laifi a zamanin da, shi ya sa duk ɗan Venis yake kewaye su don gudun tsautsayi, ko da jirgi zai tafi ya bar shi. Baƙi ne kawai ke tsayawa wurin suna ɗaukar hoto.

Sai ga wata mata, ita kuwa ba baƙuwa ba ce. Takalman ruwan da ke ƙafarta sun sha faci, furfurarta a ɗaure sama-sama. Ta rungume ledar asibiti a ƙirji, takalmin namiji ya leƙo ta bakin ledar, yana ƙyalli. Ina jin ita ta goge shi, da sa ran mai shi zai tako gida da ƙafarsa.

Ta nufi tsakiyar ginshiƙan kai tsaye.

Alvise mai kwalekwale, wanda ba ya barin kowa ya wuce bai tsokane shi ba, ya zare sigari daga baki.

"Inna, ta nan fa? Kewaya mana."

Ta tsaya daidai tsakiya, ta dube shi ba fushi.

"Ɗana, tun ina yarinya nake kewayewa," ta ce. "Marigayi mijina ma haka."

Ta tura takalmin cikin leda, ta wuce.