Allurar da Aka Yi wa Yemima

Yemima 'yar Samaru Kataf ce, amma a kasuwar Kafanchan aka san ta, inda take sayar da busasshiyar citta buhu-buhu.

Tana da shekara ashirin da biyu, lokacin tana koyon kitso, wata mata ta riƙa zuwa shagonsu da jaka tana yi wa 'yan mata allurar ƙara girman nono. Yemima ta gaji da tsokanar ƙawaye, ta bi ta bayan labule. Matar ta ce wani mai ne daga ƙasar waje. Yemima ba ta ƙara tambaya ba.

Shekara goma sha ɗaya shiru. Ta auri Kaleb, ta haifi 'ya'ya biyu. Wata safiya tana wanka ta taɓo ƙullutu a nonon hagu, mai tauri kamar ƙwallon goriba. Kafin wata uku ƙullutun ya zama guda huɗu, fatar ta yi baƙi, wani wuri ya fara tsattsafo ruwa. Ta daina ɗaga buhu. In matan zumunta suka rungume ta a coci, sai ta ƙame. Ciwon daji ne ya kashe mahaifiyarta, kuma ita ta yi jinyar har ƙarshe.

Ƙanwar mahaifiyar, Afiniki, ta tarar da ita tana cusa tsumma a rigar nono.

"Yemima, mene ne wannan?"

"Mama, tsoro nake ji. In na je asibiti yankewa za su yi."

"In kin zauna fa? Ɗauko gyalenki."

A asibiti aka ɗauki hoton nonon, likita ta daɗe tana duba shi. Ta ce, "An taɓa yi miki allura a nan?"

Kaleb na tsaye a gefen Yemima, bai taɓa jin zancen ba. Ta ce, "An yi."

Ba daji ba ne. Man ne bai narke ba, ya bi nama ya dunƙule, wani ya kai har hammata. A Jos aka yi aikin, aka cire abin da ya ciru tare da rabin nonon. Sauran, in ji likita, sai dai a riƙa dubawa.

Kaleb ne ya riƙa wanke mata ciwon. Yanzu ta koma kasuwa. Shekaranjiya ta ji wani abu ƙarami a nonon dama, kamar ƙwayar wake. Ta gaya wa Afiniki. Ranar Talata za su koma wurin likita.