Hoton Janar a Ɗakinmu na Bakura

Lokacin da ake aikin dam ɗin Bakolori ina koyarwa a wata firamare a Bakura, ɗakinmu ɗaya da wani malami mutumin Talata Mafara. Dukanmu 'yan gurguzu muke kiran kanmu. Shi ya manna a bango hoton wani janar mai mulkin wata ƙasa ta Afirka, wanda ya kori baƙi ya ƙwace kamfanoninsu. Na ce masa mutumin nan ya cika kurkuku da shugabannin ƙwadago. Ya ce ƙasa ba ta miƙewa sai da bulala.

Wata rana goggona ta iso daga wajen Maradun tana jan awakinta. An tashe su daga ƙauyensu don ruwa zai ci shi, an zube su a kan fako, ta zo neman inda za ta bar dabbobin. Bayan an gaisa abokina ya ce, "Goggo, sai haƙuri. Ci gaba ne, dole wasu su matsa."

Ta ce, "To, malam." Furar da na dama mata ba ta sha ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, domin mutumin da bai taɓa rasa ko kunya ɗaya ta gona ba shi ke raba wa tsohuwa haƙuri.

Ba a daɗe ba rediyo ta ce sojojin waje sun shiga ƙasar janar sun tumɓuke shi. Abokina ya shigo yana huci, wai mu kwashi ɗalibai mu zagaya kasuwa da hoton.

Na ce, "Sojojin nan ba don talaka suka shiga ba, in ka so a tsakiyar kasuwa zan faɗa. Mutanen ƙasar ne ke da haƙƙin sauke shi. Amma ba ni ɗaukar hoton mai ɗaure ma'aikata."

"Ashe kana tare da 'yan mulkin mallaka."

"Kai kuma da wa kake tare ranar da goggona ta zo?"

Ya fita da hotonsa shi kaɗai, hedimasta ya hana shi yaran. A ƙarshen zango na koma haya a bayan tasha, shi kuma ya samu aikin akawu a ofishin rabon filayen noman rani. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, gaisuwa kawai.