Ƙwarya Biyu ta Kaka Azumi

A gidanmu na haya a Zongon Kumasi, tatsuniya ba ta da wurin zama sai gindin murhun Kaka Azumi. Bayan sallar magariba takan dafa waken da za ta kai kasuwar Race Course da safe, mu kuma jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye garwashin, kowa na fatan a ɗiba masa ɗanɗano. Kakata 'yar dillalan shanu ce, a cikin ƙahonni ta girma, shi ya sa rabin tatsuniyoyinta shanu ne. Ba ta buɗewa yadda kowa ke yi. Sai ta buga ludayi a bakin tukunya ta ce, "Ga ta nan ta iso, wa zai ba ta tabarma?" Mu ce, "Ta zauna a tamu, Kaka."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta wani bajimi da aka kawo daga arewa. Ya sha doguwar tafiya, ba ci ba sha. Ana shiga kasuwa da shi wani mutum ya finciki wutsiyarsa don a yi dariya, sai ya juya ya tunkuyi mutumin, ya tsinke igiya. Nan take maza suka yi masa zobe, mai sanda, mai igiya, mai wuƙa. Duk wanda ya ƙaru a zoben, sai haukan sa ya ƙaru. Can wata tsohuwar saniya da ke ɗaure a gefe ta yi magana, ta ce, "Ku watse. Ku kawo ruwa ƙwarya biyu." Aka kwance ta, ta je ta tsaya a gefen san, ba a gabansa ba, tana tuƙa abinta kamar ba ta san da shi ba, har numfashinsa ya sauka ya sa baki a ruwa.

"Kaka, ɗayar ƙwaryar ta wa?" in ji mu.

"Ta wanda aka tunkuya mana. Shi ba rai gare shi ba? Ku dai kun iya ɗaukar ɓangare kamar 'yan ƙwallo."

Yayana ya ce shi da yanka san kawai zai yi. Kaka ta harare shi. "Kai da Allah rufe mana baki. Mai yanka sa don ya firgita, wata rana zai wayi gari ba garke." Daga nan ta ce tatsuniya ta naɗe tabarmarta, kowa ya kawo kwano.

Yau ni malama ce a wata sakandare, kuma ni aka ɗora wa kula da ɗalibai masu damuwa. Aiki ne da ba a tunawa da shi sai abu ya ɓaci.

Ya kuwa ɓaci a kan Nuhu, ɗan ajin ƙarshe, saura 'yan makonni ya zauna babbar jarrabawa. Tun da ciwo ya kwantar da babansa, yana tashi daga makaranta sai garejin kawunsa a Suame, ya dawo aji ido jawur. Sumarsa ta taru. A makarantunmu kuwa akwai wata ɗabi'a: malami ya sa almakashi ya yi wa yaro hanya a tsakar ka, a gaban aji, don dole ya je aski. Masta Owusu mai koyar da lissafi ya yi wa Nuhu haka, aji ya fashe da dariya. Nuhu ya ture shi, malamin ya faɗa kan gilashin taga ya yanke hannu.

Da na iso, Nuhu na kusurwar aji riƙe da ƙafar wata karyayyar kujera. Ɗalibai sun cika ƙofa da tagogi, maigadi ya ɗaga kulki, mataimakin shugaban makaranta na neman lambar 'yan sanda. Wallahi kasuwar Kaka na gani, ba abin da ya rage sai ƙura.

Na ce kowa ya watse. Mataimakin ya ce, "Madam Fati, wannan ya wuce nasiha."

Na ce, "Yallaɓai, in ya taɓa ni ka kira su. Kafin nan a ba ni ajin."

Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Na aika a sayo ruwan leda biyu. Na shiga na zauna a benci, a gefensa, ina kallon allo. Ban tambaye shi dalili ba, ban ce ya ajiye katakon ba. Na daɗe ina zaune, sannan na ji katako ya taɓa ƙasa. Ya ce, "Madam, korata za a yi ko?" Na miƙa masa ruwa na ce, "Sha tukuna."

Ɗaya ledar na kai wa Masta Owusu. Na same shi shi kaɗai a ɗakin malamai, hannu naɗe da hankici, kowa ya tafi kallon yaro. Mutumin da ya yi shekaru yana koyarwa, ga shi ya ɓuya a ɗaki don kunya. Na raka shi asibiti aka ɗinke hannun, a hanya ya yi ta magana ni kuma na yi ta ji.

Ranar zaman kwamitin ladabtarwa, an riga an gama shawara kafin a zauna: kora. Na miƙe na ce a hukunta Nuhu, ya biya gilashi da guminsa, ya ba da haƙuri, amma ba zan sa hannu a raba shi da jarrabawa ba, kuma almakashin nan ma a yi maganarsa. Wata malama ta ce na zama lauyar 'yan iska. Na ce na ji, na karɓi sunan. Sai Masta Owusu ya ɗaga hannunsa mai bandeji ya ce, "Ni aka ji wa ciwo, kuma ni na fara. Ku bar mini ɗalibina ya rubuta lissafina."

An dakatar da Nuhu na ɗan lokaci, ya dawo, ya rubuta jarrabawarsa.

Har yanzu akwai masu cewa ina lalata yara, wai da bulala aka gyara mu. Su yi ta faɗa. Ni ma a Zongo aka haife ni, na san yaran da aka kora, na san inda suke kwana yanzu. Ina ƙarama na ɗauka saniyar nan tausayi kawai gare ta. Sai da na girma na gane taurin kai ne, domin ita kaɗai ta kalli kasuwa guda ta ce a watse. Kaka ta rasu ba ta taɓa shiga aji ba, Allah ya jiƙanta. Amma duk ranar da aka rugo ofishina ana cewa wani yaro ya haukace, ruwa biyu nake ɗauka kafin in fita.