Shekarar da Baba Ya Binne Irinmu

In ƙasa ta sha ruwa, sungumi shiru yake shiga. In kuwa busasshiya ce, sai ka ji ƙwas, ƙwas, kamar ana saran dutse. Jiya da safe na ji wannan ƙarar a bayan gidana a nan Kwanar Dangora, wani yana binne a gonarsa, raina kuwa ya ɓaci tun kafin in gane dalili. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, amma abin bai huce mini ba.

In ba ka san binne ba, shuka ce da ake yi tun ruwa bai sauka ba. Ka tona busasshiyar ƙasa, ka jefa iri, ka take, ka koma gida ka jira. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, ka riga kowa. In yayyafi ne ya ɗan jiƙa ƙasa, iri ya tsira, sannan sama ta ɗauke, to ka yi asara. Shi ya sa mai hankali ba ya binne duk abin da yake da shi.

Babanmu dattijo ne a ikilisiyar ƙauyenmu, can tsakanin Tudun Wada da Doguwa. In mai bishara ya yi tafiya, shi ke jan mu sujada a majami'a. Manomi ne na gaske, wannan ba zan hana shi ba. Ya iya duban sama, ya iya sauraron iska. Shekara uku a jere ya faɗi makon da ruwa zai sauka, ruwa kuwa ya sauka. Sai mutane suka fara zuwa tambayarsa, namu da maƙwabtanmu Musulmi, har Fulanin da ke ruga a gefen rafi. Daga nan kan Baba ya kumbura. Ya daina cewa "in Ubangiji ya yarda." Ni ban lura ba, ina da shekara goma sha uku a lokacin, amma Inna ta lura.

Muna da wata al'ada a majami'armu. In bazara ta yi nisa, akan sa wata Lahadi kowane gida ya kawo iri a ƙwarya, a jera a gaba, a yi addu'a a kai, sannan kowa ya koma ya jira ruwa. A shekarar nan Baba ya ce ba zai jira wannan Lahadi ba. Ya ce ruwa na nan tafe cikin kwana biyar, shi ya gani. Ya sauke damman iri daga rumbu, dawa ce kaura ja wadda kakanmu ya bar masa, babu irinta a duk ƙauyen. Ya kwashe mu zuwa gona cikin zafin nan da ke ƙona tafin ƙafa. Yana sara, mu muna jefawa muna takewa. Kwana uku muka yi, bai rage ko tafin hannu ba.

A hanyar dawowa muka haɗu da wata tsohuwa gwauruwa ta majami'armu, mai 'yar gona a bayan gari. Ta gaishe shi, ta ce, "Dattijo, da ka rage kaɗan." Baba ya yi dariya ya ce, "Iya, ke da kike shuka bayan kowa ya yi noman fari, ke za ki koya mini?" Ta sunkuyar da kai ta wuce.

Ruwan ya zo a kwana na shida. Yayyafi ne, ko ƙurar tsakar gida bai gama kashewa ba. Iri ya tsira, gona ta yi kore shar, Baba yana yawo a bakinta hannu a baya, yana amsa gaisuwa. Daga nan sama ta yi tas. Kwana goma muna kallon tsiron yana lanƙwashewa, yana komawa fari, har iska ta kwashe shi.

A nan ne mutum zai ce ya ji jiki, ya tsaya. Ina! Inna tana da wata tukunya a ƙarƙashin gadonta. Kowace kaka takan zaɓi zangarniya masu kyau, ta sussuke, ta gauraya da toka, ta liƙe bakin tukunyar da laka. Haka uwarta ta koya mata, don ranar da namiji zai yi ganganci. Wata safiya Inna ta tafi rafi, Baba ya shiga ɗakinta ya jawo tukunyar ya fasa bakin da ƙotar fartanya. Ina tsaye ina kallo. Ya ce wancan karon kuskuren kwana ne kawai, wannan karon ya tabbata. Da Inna ta dawo ta tarar da toka a warwatse a ƙasa, ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin gado har rana ta yi tsaka, tulun ruwan yana ƙofar ɗaki inda ta ajiye shi.

Binne na biyu ko tsira bai yi ba. Mako biyu babu ɗigo, gara da zabi da ɓeraye suka raba shi.

Sannan ruwa na gaske ya sauka. An riga an yi Lahadin iri, Baba bai je ba, wai ƙafarsa na ciwo. Kowa ya fita shuka, mu muna zaune a gida kamar masu takaba. Inna ta ce a bar ta ta je wurin yayanta ta roƙo iri, ya ce in ta je kada ta dawo. Ta ce to a sayo a kasuwa, ya ce shi da ake zuwa tambaya, shi za a gani yana awon iri a kasuwa? Kullum kwana na wucewa, dawa kuwa in ta wuce lokacinta ta wuce. Abincin mutum tara ne fa na shekara guda yake lalacewa, saboda kada a ce Baba bai sani ba. Girman kai rawanin tsiya, in ji mutane, mu kuwa mu muka ɗauki tsiyar.

Duk da haka bai fasa tara mu addu'ar safe ba. Ran nan ya rufe ido ya fara, "Ya Ubangiji, ka dubi gonarmu." Sai muryar Inna ta katse shi.

"Maigida, wa kake roƙo? Na ɗauka ruwan a hannunka yake."

Ba a taɓa katse Baba cikin addu'a ba. Na zaci zai tashi da faɗa. Sai ya tashi ya fita ba amin. Da na kai masa kunu gona, na tarar da shi a durƙushe yana tona ramukan shuka da yatsa. A tafin hannunsa 'yan ƙwayoyi ne, duk gara ta rarake cikinsu.

Ranar Lahadi ya ɗauki ƙwarya, babu komai a ciki, ya shiga gaba muna biye. Bayan wa'azi ya miƙe ya ajiye ta a inda ake jera iri. Ya ce, "'Yan'uwa, na ce na san ranar ruwa. Ban sani ba. Na binne irin ubana, na fasa tukunyar matata, ba ni da ko ƙwaya. Na hau kujerar da ba tawa ba. Yau na sauka, Ubangiji ya yi yadda ya ga dama da ni."

Mata suka yi ta share hawaye, maza na gyaɗa kai. Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni. Shi ke nan? Ya jefa mu a rami, ya faɗi magana biyar, ya zama abin misali? Ba wanda ya juya ya dubi Inna.

Da la'asar aka fara sallama a ƙofar gida. Ta farko ita ce tsohuwar nan gwauruwa, da ɗan ragowar irinta ƙulle a bakin zane. Baba ya durƙusa ya tara hannu biyu ya karɓa. Wannan ya kawo farfara, wancan kaura ta wani wuri, wani Bafulatani ma da ya ji labari ya aiko da gero. Duk aka haɗa aka shuka a makare. Gonarmu ta fito wata doguwa wata gajera, ja da fari, ba su nuna tare ba. Masu wucewa na dariya, Baba na taya su. Rabin rumbu muka samu. Kafin kaka ta zagayo mun ci tafasa da rama har na tsani warinsu, Inna ta rame don tana rage nata ta ba ƙannena. Kaurar kakanmu kuwa ta tafi ke nan har abada.

Yanzu iri a leda ake sayo shi, labarin ruwa a rediyo ake ji, Lahadin iri ma 'yan tsofaffi ne ke tunawa da ita. Baba ya rasu da sakakkiyar zuciya, bai ƙara faɗin ranar ruwa ba. Inna ta yafe masa tuntuni. Ni ce na ƙi. Na rantse ba wanda zai ƙara riƙe mini abincina, ba zan tara hannu a gaban kowa ba, har addu'ata ta koma kamar ina ba Allah umarni.

Bara aka yi mini aiki a ciki, aka ce kada in ɗaga ko tukunya. Matan zumunta na majami'a suka zo da itace da kayan miya, ina kan gado na kore su, na ce lafiyata lau. Kwana biyu ina kwance da yunwa, ina zagin Baba a zuci ban san dalili ba, sai na gane. Shi mako biyu ya yi yana taurin kai bayan ruwa ya sauka. Ni yanzu na wuce shekarunsa na lokacin, ban sauka daga tawa kujerar ba.

Na ce, "To, Ubangiji, na ji." Ba da daɗin rai na faɗa ba. Na aika 'yar maƙwabta ta kira su. Suka shiga madafina suna taɓa mini kaya yadda suka ga dama, miyar ma gishiri ya yi mata yawa. Na juya fuskata bango don haushi, amma na cinye.