Makon da Muka Tsufar da Littattafan En'e

Abubuwa da yawa sun sulale mini daga ka saboda tsufa, amma har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da makon da mutanen garinmu suka haɗu suka tsufar da littattafan En'e ba. Zamanin Turawa ne, ina saurayi, ina ɗinki a wata rumfa a bakin kasuwar garinmu, can arewacin Kano, ba nisa da Ɗambatta.

En'e, wato hukumar gargajiya, ta gina mana ɗakin karatu da kuɗin harajinmu, ɗaki guda mai rufin kwano. Aka cika kabad biyu da littattafan boko, aka ɗauki wani dattijo mai tsoron hukuma aka ba shi makulli. Malamin Ɗaki muke ce masa. Tun daga birni aka ja masa kunne cewa duk littafin da ya yage ko ya yi datti, a bakin aikinsa. Shi kuwa mai iyali ne, sai ya samo dabara. Kullum da safe ya buɗe, ya share, ya goge kabad, ya mayar da kwaɗo, ya zauna a bakin ƙofa yana jan carbi.

Ni kuwa lokacin na gama ajin yaƙi da jahilci, karatu na yi mini ƙaiƙayi, ko takardar da aka ƙunso mini allura sai na karanta. Na je na durƙusa na ce, "Baba, ko guda ɗaya ne a ba ni in duba a gabanka."

Ya dubi hannuna ya ce, "Ɗana, da wannan hannun mai man keke? Leƙa ta taga, ana ganin bayansu sarai."

Haka na haddace sunayensu kaf ban taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa Di'o, Baturen mulki, zai zo rangadi. Wai En'e ta gaji da kashe kuɗi a kan ɗakunan da ba a karatu, saboda haka duk garin da aka tarar da littattafansa sababbi fil, za a kwashe su a mai da ɗakin siton gyaɗa. Nan fa gari ya ɗauka. Mutanen da ko kallon ɗakin ba su taɓa yi ba su ne suka fi kowa kumfar baki, wai da guminsu aka yi shi, kuma in aka rufe ba za su iya shiga kasuwar Ɗambatta ba saboda gori.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar dagaci. Na yi ƙarfin hali na ce, "Ranka ya daɗe, ai da sai a buɗe mana mu karanta."

Dagaci ya ce, "Kai tela, karatu shekaru yake ci, mu kuwa mako guda gare mu."

Sai liman ya gyara murya. Tsoho ne da ya ƙare rayuwarsa a cikin littattafan addini, kuma in ya yi magana a kan littafi babu mai ja. Ya ce, "Ni na san kamannin littafin da aka karanta. Ba ya zama a ɗinke kamar buhu. Warƙa-warƙa yake, gefensa ya yi baƙi, yana ƙanshin hayaƙi, yana kwance cikin gafakarsa ta fata."

Kowa ya ce wallahi haka yake, don mu duka irin littafin da muka tashi muka gani ke nan. Malamin Ɗaki kaɗai ya kama kai yana salati. "In sun tsufa a kore ni, in ba su tsufa ba a rufe ɗakin a kore ni!"

Dagaci ya ce, "To tunda duk kora ce, miƙo makullin."

Ni da aka hana taɓa ko bangon littafi, ni aka damƙa wa reza, tunda warware ɗinki aikina ne. Ina farke littattafan ana rarraba wa gidaje su tsufar da su, dukawa kuma suka duƙufa ɗinkin gafaka. Wasu suka rataye rabonsu a kwando saman murhu. Wasu suka sa ƙarƙashin tabarma suna zama a kai. Mai ƙosan bakin tasha ta ɗauki abin kamar ibada, duk shafin da ya bi ta hannunta sai ka hango rana ta cikinsa. Akuyar wani maƙeri ta cinye babi guda, aka ce ai wannan ya fi kowanne karantuwa.

Abin da babu wanda ya shirya shi ne, mutum ba ya kwana da takarda a ɗakinsa bai so ya ji me take faɗa ba. Aka fara zuwa rumfata. "Tela, na ga hoton saniya a nan, me aka ce?" Kafin ka ce kwabo na ajiye ɗinki, rumfa ta cika har bakin hanya, mata na aiko da nasu ta hannun mazajensu. Shafukan kuwa sun cakuɗe. Sai in fara da yadda aka naɗa sarkin Ingila, in juya in ji an ce a haƙa masa rami mai zurfi nesa da rijiya a yi masa murfi. Aka yini ana gardamar laifin da ya yi. Har Malamin Ɗaki ya zo ya raɓe a gefe, can na ji ya ce, "Ashe abin da nake gadi ke nan?" Ban taɓa jin daɗi a rayuwata irin na waɗannan kwanaki ba.

Ranar rangadi aka jera gafakoki jajaye a kabad. Di'o ya zaro ɗaya ya buɗe, ƙaurin hayaƙi da man gyaɗa ya buge shi, ya yi atishawa. Ya tambaya ta bakin tafinta wa ya yi wannan aiki. Liman ya ce, "A gaya masa haka muke girmama littafi a nan."

Bature ya yi dariya har fuskarsa ta yi ja. Ya ce bai taɓa ganin masu son littafi irinmu ba, ɗaki ba za a rufe ba, Malamin Ɗaki yana nan a kan aikinsa, kuma daga yau ƙofa ta riƙa yini a buɗe. Sai dai littattafai dukiyar En'e ce, dole a kai su birni a sake ɗinkewa. Aka loda su a mota har da gafakokin, gari ya raka su da kiɗa da guɗa, mun yi nasara.

Washegari wani manomi ya zo rumfata, sansa na noma ba lafiya. Ya ce, "Tela, shekaranjiya mun tsaya inda aka ce in sa ya fara dalalar da miyau a yi maza a... A yi me?"

Na ce, "Baba, sauran yana birni."

Ya juya ya tafi. Ni kuwa hawaye ne suka zo mini.

Littattafan ba su dawo ba. Duk shekara dagaci ya aika, a ce babu kuɗin ɗinki a kasafin bana, sai baɗi. Malamin Ɗaki ya ci gaba da buɗe ƙofa wangale har ya rasu, yana goge kabad biyu da babu komai a ciki.

Yanzu in na tuna nakan yi dariya, sannan raina ya ɓaci. Mun haɗa kai kamar ba a taɓa yi ba, amma duk ƙarfinmu a kan rufe idon baƙo ya ƙare, babu wanda ya buɗe baki ya ce masa namu ne, a bar mana mu karanta. Abin da na koya shi ne, in an yi abu da guminka, ka nemi haƙƙin amfani da shi tun yana hannunka, don mai riƙe da makulli yana iya bar maka ɗaki ya tafi da abin da ke ciki.