Turakun Metodija

Maƙwabcina Metodija ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran kwalekwale a bakin tafkin Prespa, a tsakanin duwatsu. Kowace kaka, da zarar an gama tsinkar tuffa, yakan kafa turke daidai inda ruwa ya tsaya, ya jingina da shi yana kallon agwagin da ke saukowa daga arewa. Turken farko yana bayan gidansa. Tafkin ya yi ta janyewa, turakun suna binsa, har suka zama dogon layi a kan busasshiyar laka. Gwiwoyinsa kuwa suka gaji.

Bana matarsa Velika ta tare ƙofa. "Tsoho, da waɗannan ƙafafun? In ka faɗi, ba ni zan kinkimo ka ba."

"Yo wa ya roƙe ki? Agwagin ma sun fi ki daɗin murya."

Na raka shi, ina ɗauke da sabon turke. Da ƙyar muka kai turken bara, ya zauna yana haki. Ruwan yana can nesa, tsuntsayen ba su wuce baƙaƙen ɗige-ɗige ba.

"Malam, kai wa Velika sabon turken nan," in ji shi. "Ta hura wuta."